Agogon Baba da Jarrabawar Faransanci

Duk shekara idan damina ta kawo kai, aka fara jin ƙanshin ƙasa, manoma suna wasa hauya suna duban gabas, mu a gidajen birni wata shuka daban muke jiran tsirarta, wato jarrabawar yaranmu. Bana da na ga ɗiyar ƙanena ta duƙufa bisa littattafanta har tsakar dare tana shirin bak, sai na tambaye ta ko tana da agogon hannu. Ta yi dariya ta nuna mini salula. Na ce mata ai wannan a ƙofa za a karɓe shi. Daga nan hira ta ja mu har na ba ta labarin da ban cika bayarwa ba sai ga ɗalibaina, don labari ne mai kunya. Da na gama ta ce: "Baffa, me ya hana ka rubuta shi?" To ga shi na rubuta, ko Allah zai sa ya amfani wani.

Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, ɗan kasuwa ne a Matamai. Yadi da atamfa yake sarowa daga Kano ta hanyar Daura, yana bin kasuwannin ƙauye da su. Bai taɓa shiga lakwal ba, allo ya yi, kuma lissafinsa duk a ka yake. Shekarun da na yi a lise a Damagaram ba shekarun sauƙi ba ne ga irinsa. Farin 1984 ya cinye dukiyar masu sayen kayansa, Najeriya kuma ta rufe iyakarta tun daga Afrilun 1984 har zuwa Maris 1986. Duk da haka bai taɓa fasa aiko wa mai masaukina buhun gero ba, da ƴan kuɗin sabulu da kalanzir na fitilar karatu. Ni ne na farko a gidanmu da ya kai aji na ƙarshe. Ba a faɗa mini da baki ba, amma na san gida duka ni ake kallo.

Ana jibi jarrabawa, a ƙarshen shekarun 1980, sai ga shi ya zo Damagaram da kansa. Bayan mun gaisa ya kwance agogonsa, Seiko mai sarƙar ƙarfe wanda bai raba shi da hannunsa sai wajen alwala, ya ɗaura mini. Ya yi mini yawa, sai da na tura shi sama kusa da gwiwar hannu. Ya ce: "An ce aikin naku da lokaci ake yin sa. Riƙe wannan." Ya sa mini albarka ya koma tasha.

Ni kuwa a ranar Faransanci ba ni da fargaba ko kaɗan. Lissafi nake tsoro, da Ingilishi. Faransanci kam gonata ce. Ina sashen adabi, na karanta Sheik Hamidu Kan, na karanta Amadu Kuruma da Ferdina Oyono, na karanta littafin da Abdullahi Mamani ya fitar a 1980 bisa Sarauniyar Lugu, har mushenmu yakan ɗauki takardata ya karanta wa aji. Da wannan girman kai na shiga ɗakin.

Ga wanda bai sani ba, ga yadda abin yake. Awa 4 ake bayarwa, mu daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa 12 na rana. Ana raba takarda mai ɗauke da aiki iri 3, ɗalibi ya zaɓi guda. Na farko, a ba ka dogon rubutu ka taƙaita shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kana ƙirga kalmomi, sa'an nan ka yi ƴar muhawara bisa wata magana da aka ciro daga ciki. Na biyu, a ba ka waƙa ko wani yanki na littafi ka yi masa sharhi mai tsari, ka fito da ma'anarsa da dabarun mai rubutun. Na uku shi ne wanda muke ce wa disartasiyo, a aza maka wata magana ka auna ta, ka kawo hujjojin da ke goyon bayanta da waɗanda ke rushe ta, ka yanke hukunci. Ana ba ka farar takarda wadda za ka miƙa, ka rubuta sunanka a kusurwa a naɗe a liƙe don kada mai gyara ya san ko kai wane ne. Ana kuma ba ka wata takarda mai launi ta gwaji, wadda muke kira buruyo. Ita wannan ba a karɓarta, ba a dubanta, ko da zinariya ka zuba a ciki.

Da aka raba takardu na leƙa na ga waƙa, na ce wannan tawa ce, ban ko karanta sauran biyun da kyau ba. Na fara sharhi. Bayan kamar minti 50 na ga abin da na tara bai cika shafi ba, waƙar ta ƙi buɗe mini. Na ɗaga kai na ga na kusa da ni har ya juya takarda. Gabana ya faɗi. Na ajiye waƙa na koma ga taƙaitawa, na karanta rubutun sau biyu, na ga ƙirgan kalmomi zai ci mini rai, na bar shi. Ruwan ido ya cinye mini wasu minti 20. Sai ƙarfe 9 da minti 10 na tsaya bisa disartasiyo, wadda ta shafi aikin marubuci cikin al'ummarsa, abin da na sani kamar yunwar cikina. Na ji daɗi, na ce yanzu za su gani.

Nan ne na yi babban kuskuren. Na ƙudurta sai na rubuta gabatarwar da mai gyara bai taɓa ganin irinta ba. Na rubuta na soke, na sake na soke, har sau 4. Jimla ɗaya na zauna ina juya ta kamar mai gasa tsire, don ta zo mini da Hausa, mai daɗi, mai nauyi, amma da na maida ta Faransanci sai ta fito gurguwa. Ina duban agogon Baba a kai a kai, ina ganin allurar tana tafiya, amma ganin bai gaya mini kome ba, don ban aje wa kaina sa'ar da ya kamata in bar wannan in kama wancan ba. Ƙarfe 10 na gama gabatarwa. Daga nan kuma na shiga rubuta aikin gaba ɗaya, kalma bayan kalma, bisa buruyo, da niyyar in kwafe shi da kyakkyawan hannu daga baya. Tunani yana zuwa, bik yana gudu, na manta da duniya.

Muryar mai tsaron ɗaki ce ta farkar da ni: saura minti 45. Na dubi farar takardata, ba kome a kanta sai lambar teburina. Buruyo kuwa shafi 6 cike. Na fara kwafa hannuna yana rawa, gumi yana ɗiga bisa takarda, agogon yana zamowa yana bugun tebur. Na kwafe gabatarwa, na kwafe kashi na farko, ina tsakiyar kashi na biyu, tsakiyar jimla ma, aka ce a aje alƙalami a miƙe tsaye. Na roƙi mai tsaron ya bar ni in sa buruyo cikin takardar. Ya dube ni da tausayi ya girgiza kai. Doka ce, kuma gaskiyarsa. Na fito da shafi 6 na mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa a aljihu, na bar musu shafi biyu da rabi marasa ƙarshe, waɗanda ko sau ɗaya ban sake karantawa ba.

Ranar da shugaban juri ya tsaya a filin makaranta yana kiran sunaye, na saurara har ya naɗe takardarsa. Ba ni cikin waɗanda suka ci kai tsaye, ba ni cikin waɗanda aka ba damar zagaye na biyu. Da na karɓi takardar makina na ga Faransanci 5 bisa 20. A sashen adabi kuwa makin Faransanci ninka shi ake yi, saboda haka ya ja sauran duka zuwa ƙasa. Gonar da na fi taƙama da ita, ita ta kashe ni.

Na koma Matamai da dare don kada a gan ni. Da safe bayan an karya kumallo na shiga zaure na durƙusa, na kwance agogon na aje gaban Baba. Na fara kawo uzuri: lokacin ya yi kaɗan, aikin ya yi yawa, harshen ba namu ba ne. Ya bar ni har na gama. Sa'an nan ya ce: "Tun da farko sun gaya maka awa nawa za su ba ka?" Na ce sun faɗa, huɗu. Ya ce: "Sun rage maka wani abu a ciki?" Na ce a'a. Ya ce: "To ba su cuce ka ba." Ya yi shiru. Can ya ce in shirya, gobe zan raka shi kasuwa.

Na ɗauka horo ne, ko kuma alama ce cewa karatu ya ƙare ke nan. Muka hau babbar mota tun da asuba zuwa wata kasuwar ƙauye. Bai ce mini kome ba sai in zauna in kalla. Da hantsi ya baje kaya, yana hira, yana barin mata su taɓa su juya, su taya ya ce albarka, ba ya gaggawa. Da rana ta take tsaka sai na ga ya sake hali: ciniki gajere, in an yi kusa da farashinsa ya sallama. Wani mutum ya tsaya yana jan ciniki bisa turmi guda kamar ba za a rabu ba, Baba ya ce masa cikin ladabi ya zagaya ya dawo, ya juya ga mata uku da ke jira. Bayan azahar ya aike ni karɓo bashi wurin mutum biyu. Tun inuwar rumfa ba ta kai wani dutse da ke gabanta ba, ya fara ninke kaya yana ƙirgawa, alhali kasuwa tana ci. Na ce: "Baba, ai da saura." Ya ce: "Da saura ga mai kwana nan. Mota da la'asar take tashi, kuma direba bai san ni ba. Wanda bai ɗaure kayansa ba, ko ya bar su ko ya bar mota." A hanya ya ƙara mini magana ɗaya: "Kaya a rumfa ba kuɗi ba ne, sai abin da ya shiga aljihu. Kai ka baje kaya har mota ta tashi."

Duk wunin nan agogon yana hannunsa, amma ban ga ya dube shi ya fi sau biyu ba. Ya riga ya raba ranarsa tun kafin ya sauka daga mota, ya san abin da kowane yanki nata zai ɗauka. Ni kuwa na dubi agogon nan ya fi sau hamsin a ɗakin jarrabawa, bai tsinana mini kome ba. Sau da yawa nakan ji ƴan boko suna cewa mutanenmu ba su san darajar lokaci ba, wai sai asuba da hantsi da walaha da la'asar, babu minti babu daƙiƙa. Duk mai faɗar haka bai taɓa bin ɗan kasuwar ƙauye ba.

Da aka koma makaranta Baba ya sake aika buhun gero, ya sake ba ni agogon tun watan Oktoba, bai jira ranar jarrabawa ba. Shekarar nan ta maimaici ta yi mini ɗaci. Abokaina suna jami'a a Yamai suna aiko wasiƙu, ni ina zaune da ƙannen bayana. Kuɗin da aka so a sa ƙanena sana'a da su, ni na cinye su. Amma na yi abu guda: kowace Lahadi nakan shiga wani aji da ba kowa, in aje agogon bisa tebur, in ɗauki tsohon aikin jarrabawa in yi shi cikin awa 4 cif, ba tashi, ba ƙari. Nan na gano abin da ba wanda ya taɓa sa ni in auna: hannuna, idan ina rubutu mai tsabta ina kuma tunani, minti 20 yake ci a shafi guda. Ke nan shafi 6 awa 2 ne, ko an ƙi ko an so. Wanda ya san wannan ba zai taɓa rubuta aikinsa sau biyu ba, don awa 4 ba su isa.

Ga rabon da na yi wa minti 240 ɗin nan, wanda na bi a shekara ta biyu, na kuma koya wa ɗalibai fiye da shekara 30 da na yi ina riƙe da alli. Minti 20 na farko na karatu ne da zaɓe: a karanta duka ukun a natse, a tambayi kai wanne ne nake da abin faɗa a kansa, a zaɓa, kuma in an zaɓa an zaɓa, ba waiwaye. Awa 1 ta tara tunani da tsara shi bisa buruyo, da gajerun kalmomi kawai, kashi na farko ga hujjojinsa ga misalansa, na biyu haka, ba cikakkun jimloli ba. Minti 20 na rubuta gabatarwa da kammalawa, su biyun nan kaɗai suka cancanci a rubuta su cikakku bisa buruyo, kuma a rubuta kammalawa tun kai yana da sanyi, don idan lokaci ya ƙure a same ta a shirye. Awa 2 na rubutu kai tsaye bisa farar takarda. Minti 20 na ƙarshe na sake karatu. Da aka raba takardu a shekara ta biyu, kafin in karanta ko kalma ɗaya, na rubuta a saman buruyo: 8.20, 9.20, 9.40, 11.40. Da allura ta kai kowace, na tashi daga abin da nake yi ko ban gama ba, kamar yadda Baba yake ninke kaya kasuwa tana ci. Na samu 12 bisa 20. Ba abin a buga tambari ba ne, amma ya kai ni Yamai.

Bari in ɗan tsaya bisa minti 20 ɗin ƙarshe, don su ne yara suka fi sacewa, su ne kuma ɗan Bahaushe ya fi kowa bukata. Mu da Hausa abin da kunne ya ji shi hannu yake rubutawa. Faransanci kuwa cike yake da haruffan da ake rubutawa ba a furta su: alamar jam'i a ƙarshen suna, ƙarshen aikatau da ke sauyawa bisa mai aikin, da ƙarshe uku ko huɗu masu sauti ɗaya amma rubutu daban. Ga kuma jinsi da ba ya bin namu: rana a wurinmu mace ce, a wurinsu namiji, wata a wurinmu namiji ne, a wurinsu mace. Yaron da kansa ke wajen hujja ba zai iya lura da waɗannan duka a lokaci guda ba, kurakuran za su zuba ko da ya san ƙa'idar sarai. Sai ya dawo da ido na dabam. Nakan ce su bi takardar sau uku da sauri: sau ɗaya kowane aikatau a nemo mai shi, sau ɗaya jam'i da jinsi, sau ɗaya ƴan alamomin bisa wasula da aya da waƙafi. Haka kuma yaron da ke tunani da Hausa yana rubutu da Faransanci aiki biyu yake yi a lokacin da aka yanka wa aiki ɗaya. Maganinsa shi ne gajerar jimla wadda ya tabbata da ita. Jimlar nan mai ado da ta ƙi ƙetarawa, a bar ta ta zagaya ta dawo, akwai masu jira.

Ƙananan da ke shirin BEPC su ma abin ya shafe su, ko da yake nasu aikin gajere ne. A gaban kowace tambaya akan rubuta makinta. Wannan shi ne farashin kaya. Yaron da ya kashe rabin lokacinsa bisa tambaya mai maki 1 ya bar mai maki 5, ya zuba jarinsa inda babu riba. Wadda ta gagara a tsallake ta, a bar mata fili, a dawo.

Da na zama mai gyaran takardu na ga abin daga ɗaya gefen. Takardu ne tuli gabanka, ba ka san mai su ba, ba ka san abin da ke cikin kansa ko aljihunsa ba. Sau nawa na ci karo da gabatarwa mai kyau kamar a ci, shafi guda cur, sa'an nan rubutu ya fara karkacewa, ya ƙanƙance, ya tsaya cak ba kammalawa. Nakan aje bik in yi shiru, don na san ɗakin da aka rubuta ta, na san rawar hannun. Amma abin da ke bisa takarda kaɗai nake da ikon ba maki. Aiki matsakaici wanda ya kai ƙarshe kullum yana gaban aiki mai kyau da aka yanke a tsakiya. Wata shekara kuma ina tsaron ɗaki, wata yarinya ta riƙe buruyonta tana hawaye tana cewa: "Mushe, don Allah, duka yana nan." Na girgiza mata kai kamar yadda aka girgiza mini. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Na san zamani ya sake. A watan Maris 2025 hukumomin ƙasarmu sun zartar da kundin da ya maida Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Amma ko ranar da Allah ya kai mu ana rubuta bak da Hausa, awa 4 ɗin nan ba za su ƙaru da minti ɗaya ba.

Saboda haka kirana gare ku ne iyaye, ƴan kasuwa da ma'aikata. Kuna biyan kuɗin makaranta, kuna biyan malaman gida, kuna sayen littattafai, Allah ya saka muku. Ku ƙara da abu biyu marasa tsada. Ku saya wa yaro agogon hannu mai allura tun farkon shekara, ya saba da shi, don salular da yake duba lokaci a ciki ba za ta shiga ɗakin ba, kuma ba kowane aji ke da agogon bango ba. Sa'an nan ku ba shi safiyar Lahadi guda a wata, daga 8 zuwa 12, ba aike, ba tsaron shago, ba ɗaukar ƙane, ya zauna ya yi aiki ɗaya daga farko har ƙarshe. Ba sai kun iya Faransanci ba. Da 12 ta buga ku karɓe takardar daga hannunsa ko yana kuka, ku duba abu ɗaya kawai: ya kai ƙarshe ko bai kai ba. Gara ya yi kukan a gida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Agogon Baba yana nan wurina. Da ya rasu aka raba gado, ƴan'uwa suka ce ni ya kamata in riƙe shi. Na kai shi wurin mai gyara a bakin kasuwa, ya wanke shi, ya rage sarƙar. Jiya na ɗaura wa ɗiyar ƙanena, na kuma sa ta rubuta lambobi huɗun nan da hannunta. Allah ya ba ta sa'a, ita da dukan yaranmu masu zaman jarrabawa bana, daga Gaya har Bilma. Amin.